ASIBITIN ZAMANIN NASARA: WA YA BIYA, WA YA MORA?

Ya ku 'yan'uwa, shugabannin komiti da magatakarda, maza da mata, na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, da na Tasawa da Ƙonni da Madawa da Magarya da sauran garuruwan kasuwa:

Akwai wata magana da ke yawo cikin rumfunan kasuwa da tashoshin mota da bakin gidajen likita. Duk sa'ad da aka rubuta wa talaka takardar magani, ya laluba aljihu bai ji komi ba, sai ka ji wani ya ce: "Allah ya jiƙan zamanin Nasara, da magani kyauta ne." Yawancin masu faɗin haka zafin ciwo ne ke sa su, ba mu ga laifinsu ba. Amma akwai waɗansu masu ɗaukar maganar su ƙara mata gishiri, su ce ai baƙin mutum bai iya riƙon asibiti ba, gara a koma hannun masu shi. Waɗannan muke ba amsa yau. Kuma tun da gardamar rashin sani ɓarnar yawu ce, bari mu faɗi tarihin wannan ma'aikata tun daga tushe, kowane ɗan komiti ya riƙe shi a ka.

YADDA AKA KAFA TA

Ran 8 ga watan Fabrairu 1905, babban gwamnan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, Ernest Roume, ya sa hannu ga takardar da ta kafa wata ma'aikata mai suna Assistance Médicale Indigène, ana taƙaita ta AMI. Ma'anar sunan ita ce taimakon magani ga 'yan ƙasa. Ita ce aka ɗora wa riƙon gidajen likita na baƙar fata. A takarda aikinta shi ne duba marasa lafiya da ba su magani ba da kuɗi ba, da yin lambar agana, da lura da tsabtar gari, da tare annoba in ta ɓullo.

Ku dubi shekarar da kyau. A 1905 shekara shida ke nan da sojan Faransa suka shiga Damagaram suka kashe Sarki Amadu Kuran Daga, a 1899. Ƙasarmu a lokacin yankin soja ce. Sai a 1922 aka mai da ita koloni, a 1926 kuma aka ɗauke babban birni daga Damagaram aka kai Yamai. Likitocin da suka zo mana da fari hafsoshin soja ne masu galan a kafaɗa, waɗanda aka horar a wata lakwal ta soja da ake ce ma Pharo a birnin Marsay, wadda ita ma a 1905 aka kafa ta. Aikin likitan soja na farko shi ne lafiyar bariki, wato hafsoshi da sojoji da ma'aikatan gwamna. In ya gama da su, abin da ya rage na lokaci da na magani shi ke isowa ga mutanen gari.

Tsarin ma'aikatar kamar tsani yake. A sama akwai asibitin babban birni. Ƙasa da shi akwai gidan likita a inda kumandan ke zaune. Ƙasa da wannan akwai 'yan ɗakunan shan magani a waɗansu manyan garuruwa, inda majo ɗaya da mataimakinsa ke wanke gyambo, su ɗiga maganin ido, su raba kinin. Daga baya aka ƙara ɗakunan haihuwa. Ƙasa da nan fa? Babu komi. Ƙauyuka dubbai, inda mafi yawan jama'armu suke, tsanin bai kai gare su ba. Mai ciwo a ƙauye sai a ɗora shi bisa jaki ko amalanke a yi yini ana tafiya, wani lokaci kwana biyu. Da yawa ba su isa ba. Abin da ya riƙe mutanen karkara shekara da shekaru shi ne wanzami da ungozoma da maɗori da mai saiwa da rubutun malam.

DA KUƊIN WA?

To, ga babbar tambaya. Wannan magani da ake cewa kyauta, daga aljihun wa ya fito?

Ran 13 ga Afrilu 1900 majalisar Faransa ta yi doka cewa kowace koloni ita za ta ɗauki nauyin kanta wajen kuɗin mulkin farar hula. Albashin kumandan, da ginin biro, da ginin gidan likita, da kwalbar magani, duk daga baitulmalin koloni ake fitar da su. Baitulmalin Nijar kuwa me ke cika shi? Lanho da jangali da kuɗin kasuwa. Kowane kai da aka ƙidaya a gida ana biya masa, kowace saniya da raƙumi ana biya musu. Mutumin da ke zaune kwana uku daga gidan likita, wanda bai taɓa ganin ƙwayar kinin da idonsa ba, shi ma yana biyan lanho kowace shekara. In ya kasa, gardi ya zo, a kama akuya, a buɗe rumbu, a shanya mai gida a rana.

Ginin kansa wa ya yi? Har zuwa 1946 akwai aikin tilas. Kakanninmu ne suka kwaɓa ƙasa, suka buga tubali, suka ɗauko azara da ruwa bisa kai, suka share hanyar da motar likita ke bi, da kwanakin aikin da aka ɗora wa kowane namiji ba lada.

Saboda haka duk wanda ya ce muku kyauta ce, ku tambaye shi: in mutum ya karɓe maka dame goma da kaka, da bazara ya auno maka tiya guda, kyauta ya yi maka? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mu muka biya, mu muka gina, sa'an nan aka ce mu yi godiya.

DON ME AKA KAFA TA?

Ba sai mun ƙaga wa Nasara ƙarya ba, su da kansu sun rubuta dalilinsu. Albert Sarraut, ministan ƙasashen mallaka, ya fitar da littafi a 1923 kan yadda Faransa za ta ci amfanin ƙasashen da ta mallaka, kuma a ciki ya nuna cewa dukiyar farko ita ce mutane, don ba a noma ba a dako sai da hannu. A 1926 babban gwamna Jules Carde ya aike wa gwamnoninsa umarni kan aikin AMI, inda ya bayyana cewa abin da ake nema shi ne 'yan ƙasa su ƙaru, su yi yawa su yi ƙarfi. Yawa don me? Don a sami masu noman gujiya da auduga, a sami 'yan dako, a sami masu biyan lanho, a sami soja.

Tun daga 1919 aka wajabta ɗibar soja kowace shekara. Tsofaffinmu sun ba da labarin yadda ake tara samari a fili, a tuɓe su, likita ya duba haƙora da ƙirji da ƙafafu kamar mai sayen doki. Mai lafiya a rubuta shi a tafi da shi. Wanda aka samu da ciwo a ce ya koma gida, ba a ba shi ko ƙwaya ɗaya. Ga samari da yawa wannan ce ranar farko da hannun likita ya taɓa jikinsu, kuma ita ce ta ƙarshe.

A 1931 fari da fara suka haɗu a yammacin Nijar, yunwa ta kashe dubban mutane, kuma cikin wannan hali aka ci gaba da neman lanho. Gwamna Blacher ke bisa kujera a lokacin. Ina amfanin ɗakin shan magani ga wanda aka kwashe masa rumbu? Hukumar da ke riƙe da kwalbar kinin ita ce ke riƙe da takardar lanho, kuma ranar da biyun suka yi karo an ga wadda ta fi nauyi.

ƘOFA BIYU

A Dakar, hedkwatar mulkinsu, asibiti biyu ne: babban asibiti na Turawa da hafsoshi da manyan ma'aikata, da wani dabam da aka gina ma 'yan ƙasa, wanda daga baya aka sa wa sunan likita Aristide Le Dantec. Da annoba ta faɗa wa birnin a 1914, maganin da hukuma ta gani shi ne ta ƙone gidajen baƙar fata, ta kwashe su ta kai bayan gari, inda ya zama unguwar Madina. Abin da aka yi a Dakar shi aka kwaikwaya ko'ina gwargwadon girman wuri. Ɗakin Bature dabam da gado da gidan sauro, ɗakin ma'aikacin gwamna dabam, talaka kuwa ya shimfiɗa tabarmarsa, danginsa su hura wuta a gindin itace su dafa masa.

Ga kuma masu tsaron tsabta, waɗanda ke faɗa wa gida ba sallama su leƙa randa, in sun ga tsutsar sauro su ci mai gida tara. Ga lamba da ake yi da gardi tsaye da bulala. Wane ne zai yi mamaki in mata sun ɓoye 'ya'yansu cikin rumbu da jin motar likita ta iso? An ce kakanninmu jahilai ne masu gudun magani. Mutumin da ya ga hannu ɗaya na kama ɗansa soja, yana karɓar lanho, yana riƙe da allura, in ya gudu hankali ya yi. Wannan tsoro bai mutu da zamaninsa ba, har yau ma'aikatan rigakafi suna karo da jikokinsa.

'YA'YANMU DA SUKA ƊAUKI KAYAN

Likitocin Faransa ba su taɓa yawan da za su riƙe ƙasashe takwas ba. A 1918, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, Faransa ta matsu da neman soja, ta aiko Blaise Diagne ya ɗebo mata. Cikin alkawuran da aka yi don mutane su ba da 'ya'yansu har da buɗe lakwal ta likita a Dakar. A wannan shekara aka ɗebi samari wajen 63,000 daga Afirka ta Yamma, a wannan shekara kuma aka buɗe lakwal ɗin. Da jinin 'ya'yan Afirka aka saye ta.

Wanda ya gama karatun shekara huɗu a can ba a ce masa likita cikakke. Mataimakin likita ake ce masa, daga baya aka koma cewa likitan Afirka. Albashinsa bai kama ƙafar na Bature ba, takardarsa ba ta aiki a Faransa, kuma ko ya tsufa cikin aiki, yaron da ya fito daga Marsay jiya shi ne shugabansa. Daga buɗe lakwal ɗin zuwa 1953 da aka daina wannan tsari, likitocin da ta fitar ba su kai 600 ba, ga ƙasashe takwas. Rabon Nijar a ciki bai taka kara ya karya ba, don ƙasar da ba a gina wa isassun lakwal ba, ina za ta sami yaran da za ta aika Dakar?

Duk da haka waɗannan mutane, su da majo-majo da ungozomomin asibiti, su ne suka yi aikin. Su ne ke jin harshen mai ciwo, su ne ke kwana da mai naƙuda, su ne ke hawan doki su shiga garin da sanƙarau ya faɗa wa. In akwai wanda ya cancanci godiya kan abin alherin da AMI ta yi, su ne. Kuma ba banza ba ne aka sami 'yan gwagwarmaya da yawa cikinsu, don sun ga bambancin da idonsu kowace safiya. Félix Houphouët-Boigny, wanda ya fito daga wannan lakwal a 1925, shi ne ya kai dokar da ta kashe aikin tilas ran 11 ga Afrilu 1946.

ABIN DA TA YI, MUN FAƊE SHI

Mu ba mu ɓoye gaskiya don ta yi wa abokin gaba daɗi. Lamba ta rage agana ƙwarai. Rigakafin shawara da aka haɗa a Dakar, wanda aka wajabta tun 1941, ya danne wannan cuta a ƙasashen da Faransa ke mulki, ko da yake yakan taɓa ƙwaƙwalwar waɗansu yara ƙanana, abin da ya sa daga baya aka bar shi. An yi wa mutane aikin gwaiwa, an ɗebe wa mata wahalar haihuwa a inda akwai ɗakin haihuwa, an warkar da gyambo da tunjere. Cikin likitocin Faransa akwai waɗanda suka yi aiki tsakani da Allah, har waɗansu suka bar ransu a nan.

Ɗaya daga cikinsu, Eugène Jamot, wanda ya yaƙi ciwon barci a Kamaru kafin a kawo shi Wagadugu a 1932, ya faɗa wa manyansa gaskiya: zama cikin ɗaki ana jiran mai ciwo ba ya kashe annoba, sai likita ya tashi ya bi mutane gari gari. Bai daɗe ba suka saɓa da masu mulki ya koma gida. Sai a 1939 aka kafa ma'aikata ta dabam a Bobo Julaso, ƙarƙashin likita Gaston Muraz, don ciwon barci, a 1945 kuma aka faɗaɗa ta ta haɗa da kuturta da ciwon ido da sauran manyan cututtuka. Ku lura, sai da aka fitar da wannan aiki daga hannun AMI kafin ya kai ƙauye. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa bayan shekara 34 da kafa ta, masu ita sun san ba ta isa inda jama'a suke ba.

A yankinmu na kudu, gurbin da hukuma ta bari har 'yan mishan suka shigo suka cika wani sashe nasa: asibitin Galmi da aka buɗe a 1950, da gidan kutare na Danja kusa da Maraɗi. Sanƙarau kuwa, wanda ke zuwa mana da hunturu da bazara, ya ci gaba da ɗibar rayuka har mulkinsu ya ƙare. Abin da aka fi yi masa shekaru da yawa shi ne a rufe kasuwa, a tare hanya, a keɓe masu ciwo a bukkoki bayan gari.

ƘARSHENTA DA ABIN DA TA BARI

Bayan 1946, da aka kashe dokar da ta ba kumandan ikon ɗaure mutum ba shari'a, kalmar "andijen" ta zama abin kunya, sai aka sake wa ma'aikatar suna aka ce taimakon magani na Afirka. Aka kawo kuɗin gine-gine na FIDES, aka ƙara ɗakuna a manyan garuruwa. Dokar 1956 ta ba kowace ƙasa gwamnatinta ta cikin gida, a 1957 aikin lafiya ya koma ƙarƙashin minista ɗan ƙasa. Ran 3 ga Agusta 1960 Nijar ta sami mulkin kai, tarihin AMI ya ƙare.

Bayan shekara 55 me ta bar wa ƙasa mai mutum wajen miliyan 3? Ba ta bar lakwal ta likita ko ɗaya ba. Sai a 1974 aka fara koyar da likitoci a jami'ar Yamai. Ba ta bar ma'aikatar magani ba, sai a 1962 aka kafa ONPPC. Ba ta bar komi a ƙauye ba, sai cikin shekarun 1960 aka fara horar da masu agajin farko da ungozomomin ƙauye, kuma a jihar Maraɗi wannan aiki ya yi ƙarfi.

Masu cewa baƙin mutum bai iya ba, su amsa mana. Yaushe agana ta ƙare a Afirka ta Yamma? A 1970, bayan mulkin kai. Yaushe aka kawo sabon rigakafin da ya karya lagon sanƙarau mai yawan kisa? A 2010, Nijar na cikin ƙasashe uku na farko. Yaushe hukumar lafiya ta duniya ta shaida cewa kurkunu ya ƙare a Nijar? A 2013. A 2025 kuma ta shaida cewa Nijar ce ƙasar farko a Afirka da ta kawar da makantar bakin kogi. Binciken 1992 ya nuna cikin yara 1,000 da aka haifa, 318 ba su kai shekara biyar. Binciken 2012 ya nuna sun sauko zuwa 127. An sami taimakon waje cikin waɗannan ayyuka, ba mu musu. Amma ƙafafun da suka taka ƙauyuka da hannuwan da suka yi allura na 'ya'yan ƙasar nan ne.

GADON DA YA KAMATA MU BINNE

To, in haka ne, me ya sa talaka ke kewar zamanin da ya wuce? Ruwa ba ya tsami banza. Nasara ya tafi, amma waɗansu halayen ma'aikatarsa sun zauna daram cikin gidajen likitanmu.

Na farko, ƙofa biyu. Da launin fata ke raba su, daga baya kuɗi da sanayya suka gaje shi. Mai ɗan'uwa a ciki ya wuce kai tsaye, baƙauye ya yini bisa benci. Manya kuwa in kansu ya yi ciwo sai jirgi ya ɗauke su zuwa waje da kuɗin baitulmali, kamar yadda ake mai da Bature gida in zazzaɓi ya kama shi.

Na biyu, birni kafin ƙauye. Likitoci sun taru a Yamai da manyan garuruwa, majo ɗaya na fama da garuruwa da yawa shi kaɗai.

Na uku, tsawa. AMI cikin bariki aka haife ta, da muryar soja ta tashi. Wani bincike da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka fitar a 2003, kan gidajen likita na manyan birane biyar har da Yamai, ya nuna yadda ake wulaƙanta mai ciwon da ba shi da kowa. Ba mu ce duk ma'aikata haka suke ba. Da yawa suna aiki dare da rana, ba isasshen kaya, ba isasshen albashi, kuma su ma 'yan'uwanmu ne.

Na huɗu, wanda ya fi duka muni, shi ne kalmar nan "taimako". Ita ta koya wa talaka cewa magani alfarma ce da babba ke yi masa, sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya karɓa. Mai karɓar sadaka ba ya tambayar lissafi.

Batun biyan kuɗi kuwa ga yadda ya zo. Bayan taron Bamako na 1987 aka shawarci ƙasashen Afirka su riƙa karɓar kuɗi hannun marasa lafiya. A Nijar an gwada a Boboye da Sayi a 1993, a 1994 aka karya darajar sefa da rabi, magani ya yi tsada, a 1995 aka yi dokar biya. A 2005 da 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin fiɗar haihuwa da na yara 'yan ƙasa da shekara biyar, mata suka yi ta kawo 'ya'yansu, amma baitulmali ya riƙa jinkirin biyan gidajen likita abin da suka kashe, bashi ya taru, kantocin magani suka bushe. A 2024 hukuma ta yi shelar rage kuɗin ganin likita da rabi a asibitocin gwamnati. Kowace shela muna maraba da ita, amma mun koyi darasi tun daga takardar 1905: abin da aka rubuta a babban birni dabam, abin da ke isa hannun mai ciwo dabam, sai in akwai masu tsaye suna dubawa.

AIKIN KOWANE KOMITI

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ga abin da muke nema ga kowane komiti:

1. A karanta wannan takarda a taron mako, a fassara ta ga wanda bai ji ba, a kai ta wajen mata, don su ne suka fi kowa zama bisa bencin likita.

2. Kowane gidan likita na gwamnati yana da komitin jama'a mai lura da kuɗi da magani. Ku binciki su wane ne a ciki, yaushe aka zaɓe su, yaushe suka yi taro na ƙarshe. Ranar zaɓe ku fito, ku tsai da mutum mai amana wanda ya iya lissafi, kada a bar wa 'yan amshin shata.

3. Ku nemi a manna farashin kowane aiki a bakin ƙofa da Hausa, a rubuta abin da doka ta ce ba a biya. Wanda ya biya ko dala ɗaya ya karɓi takardar shaida.

4. Ku riƙe littafi. Ranar da magani ya yanke, ku rubuta. Ranar da aka nemi kuɗin mai kafin motar asibiti ta ɗauki mai naƙuda, ku rubuta. Ƙarshen wata a kai wa magajin gari da likitan gunduma, a aiko mana da kwafi.

5. Kada a zagi majo, kada a taɓa ungozoma. Ma'aikacin da ke aiki da gaskiya ku tsaya bayansa, in albashinsa ya makara ku yi magana tare da shi. Wanda ke sayar da maganin jama'a kuwa ku kai ƙararsa da shaida.

6. Ranar rigakafi ɗan komiti ya fara fito da 'ya'yansa. Allurar yau ba ta gardi ba ce, da kuɗinmu da sunanmu aka kawo ta.

'Yan'uwa, wanda ya sake ce muku magani kyauta ne a zamanin Nasara, ku zaunar da shi ku karanta masa shekarun nan ɗaya bayan ɗaya. Ku gaya masa kakanninmu sun biya da lanho da gumi da 'ya'yansu, kuma ba a taɓa ba su ikon tambaya ba. Mu ma muna biya, amma mu muna da ikon tambaya, kuma laifinmu ne in mun bar shi ya kwanta. Asibiti dukiyar jama'a ce kamar rijiyar gari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Allah ya taimaki talakawan Nijar.